Ina so in mayar da garejin Baba wurin gyaran babura, amma ba a raba gado ba

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani matashi da ke unguwar Jekadafari a cikin garin Gombe, ga kuma abin da ya rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum, Malam. Shekarata 27, na yi shekara 6 ina koyon gyaran babur a wurin maigidana, bara ya yaye ni. Yanzu a gindin wata bishiyar dogon yaro nake aiki a bakin titi, da yamma in kwashe kayan aikina a buhu in kai ajiya. A jikin gidanmu akwai tsohon gareji da mahaifinmu ya gina wa motarsa Peugeot 504, ƙofarsa tana kallon titi. Tun da ya rasu shekara 4 da suka wuce a kulle yake. Rufin yana yoyo, bangon baya ya tsage, kuma akwai ramin duba mota a tsakiya. Da yana raye ya sha ce mini idan na ƙware garejin nawa ne. Har yanzu ba a raba gado ba. Mu biyar ne, ni da yayana da muke kira Hamma da mata uku, autarmu shekararta 11, ga mahaifiyarmu a gidan. Na tara naira dubu 900. Inna ta ce in je in gyara, Hamma kuwa ya ce gara a ba mai kanti haya. Na riga na yi magana da birkila saboda damina na tafe. Shin in fara aikin? Kuma me zan fara gyarawa?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah Ya jiƙan mahaifinku da rahama, Ya kuma sa albarka a cikin sana'ar da ka riƙa. Amsata ga tambayarka ta farko ita ce ka koma wurin birkilan nan ka ba shi haƙuri, ka ce masa ya dakata tukuna, kada ya kawo ko kwanon yashi ɗaya. Ba don niyyarka ba ta da kyau na faɗi haka ba. Duk wanda ya tsaya na ɗan lokaci a Tashar Dukku ko a bakin babbar kasuwa zai ga cewa babur ne ƙafar mutanen Gombe, kuma tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, magidanta da yawa sun jingine motocinsu sun koma hawan babur. Makanike mai hannu da ya sami ɗaki mai ƙofa a bakin titi, inda zai kulle kayansa ya kuma kwana da baburan mutane hankali kwance, ya tsere wa na gindin bishiya nesa ba kusa ba. Abin da ya sa na ce ka dakata shi ne, a yau ɗin nan garejin ba naka ba ne kai kaɗai, kuma kuɗin da ka yi shekaru kana tarawa a cikin rana bai kamata su shiga ginin da ba a fayyace matsayinka a cikinsa ba.

Na yarda marigayi ya faɗa maka wannan magana, kuma na yarda har cikin zuciyarsa ya faɗe ta. Sai dai a mazhabar Imamu Malik, wadda alƙalanmu suke hukunci da ita, kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka yi wa kyautar ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai kyautar yana raye da lafiyarsa. Kai kuwa da bakinka ka ce sharaɗi ya gindaya maka, sai ka ƙware, kuma Allah Ya karɓi ransa kana tsakiyar koyo, mabuɗin bai zo hannunka ba. Idan ma aka ɗauki maganar a matsayin wasiyya, hadisi ya tabbata cewa babu wasiyya ga magaji, sai fa idan sauran magada sun amince don ra'ayin kansu. Ke nan garejin yana cikin dukiyar gado kamar sauran gidan. Bisa ga aya ta 11 da ta 12 a cikin Suratun Nisa'i, idan marigayin bai bar iyayensa a raye ba, bai bar wata matar ba, kuma an biya bashin da ke kansa, mahaifiyarku tana da tumuni, wato kashi 1 cikin 8, sauran kashi 7 kuma ku biyar za ku raba, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Kai kana da 2, Hamma yana da 2, kowace mace tana da 1. A cikin kowane bulo takwas na wannan garejin, biyu ne naka. Izinin da Inna ta ba ka yana da girma, kuma albarkarta ita ce jarinka na farko, amma ba ta da ikon bayar da abin da ya wuce rabonta, balle rabon yarinya 'yar shekara 11 da take marainiya, alhali ka san irin kashedin da aya ta 10 ta wannan surar ta yi game da cin dukiyar marayu. Ka kai wannan lissafin wurin malamin da ya san ilimin gado ya tabbatar maka da shi, domin zai yi maka tambayoyin da wasiƙa ba ta ɗauko amsarsu ba.

Da ciwon abin a raina nake gaya maka wannan. Bayan rasuwar mahaifinmu, ƙanena ya gyara shagon da ke jikin zauren gidanmu da kuɗin da ya tara a ɗinki, ya sa sabon kwano, ya sa ƙofar ƙarfe, kuma bai rubuta komai ba, saboda a lokacin duk wanda ya ambaci takarda sai a ga kamar ya ci mutuncin zumunci. Shekara 7 bayan nan aka zo rabo, masu ƙiyasi suka yi wa shagon kuɗi yadda suka same shi, aka zuba a cikin gado. Ya ce ya kashe kaza, aka tambaye shi shaida, babu rasit ko ɗaya, kafintan da ya yi aikin ma ya riga mu gidan gaskiya. Har yau ina ganinsa zaune a bakin tabarma a tsakar gida yana juya mabuɗin shagon a hannunsa, bai ce uffan ba har aka shafa fatiha. Ni da nake babba ban tsaya masa yadda ya kamata ba, kuma sai da muka yi shekara biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Babu mugu a cikinmu, kowa yana ganin gaskiyarsa, takarda ce kawai babu.

Saboda haka kada ka ɗauki Hamma a matsayin mai yi maka baƙin ciki. Abin da yake faɗa shi ne dukiyar da ke kwance ta riƙa kawo wa gida wani abu, kuma yana da gaskiya a kan haka. Kai kuma sai ka nuna masa cewa abin da mai kanti zai bayar kai ma za ka iya bayarwa, ga ƙarin cewa ɗan gida ne a wurin, mai jin motsin Inna dare da rana. Ka fara samunsa ku biyu kawai, ba a gaban matarsa ko abokansa ba, ka ce masa shawara ka zo nema. Bayan nan ku je wurin Baffanku ku roƙe shi ya tara ku, a kira 'yan'uwanku mata har da waɗanda suke gidan aure su ji da kunnensu, kada a wadatu da cewa an gaya musu ta waya, a kuma gayyato malami ɗaya ya zauna.

Hanya biyu ce a gabanku. Mafi tsabta ita ce a yi wa gidan ƙima a raba gado, ka roƙi garejin ya faɗo a cikin rabonka, idan ya fi rabon ka cika, idan bai kai ba a cika maka. A wurin nan ne maganar marigayi za ta yi maka amfani, domin 'yan'uwa masu tsoron Allah ba za su ƙi cika wa mahaifinsu burinsa ba idan babu wanda zai cutu. Amma na san gidaje da yawa ba sa son taɓa maganar rabo uwa tana zaune a ciki, kuma idan haka ne a naku, sai ka karɓi garejin haya daga hannun magada. A tambayi abin da ake biyan shago irinsa a layinku, a yanka maka daidai da shi ko kusa da shi, a rubuta shekarun da za ka yi, ni kuwa ba zan so su gaza 5 ba, domin makanike ba ya kafuwa a shekara ɗaya. A rubuta cewa duk abin da ka kashe a jikin ginin, rufi da bango da daɓe da ƙofa, za a riƙa cire shi daga kuɗin hayar har ya ƙare, kuma idan aka zo rabo kafin ya ƙare, ragowar bashi ne a kan gado. A rubuta cewa kayan aiki da duk abin da ake iya ɗauka naka ne. A fitar da rabon auta a ajiye mata a hannun wanda aka amince da shi. Kowa ya sa hannu, shaidu biyu su sa hannu, mai unguwa ya gani, kowa ya riƙe kwafi. Wanda ya ce takarda tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ce, ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Kafin a taɓa komai kuma ka ɗauki hoton garejin ciki da waje da wayarka, ka sayi littafi mai kauri, duk buhun siminti da duk ƙusar da ka saya ka rubuta ka liƙa rasit.

Yanzu sai tambayarka ta biyu. Tsohon gini daga sama ake fara gyaransa, domin duk abin da ka yi a ƙasa rufi yana yoyo, damina ɗaya za ta ɓata shi. Ruwan Gombe yakan fara sauka daga watan Mayu ya yi ƙarfi a Yuli da Agusta, saboda haka ko maganar takarda ba ta kammala ba, ka nemi yardar kowa a toshe yoyon, tunda ginin na kowa ne kuma lalacewarsa asarar kowa ce. Ka sa kafinta ya hau ya bi katakon rufin ɗaya bayan ɗaya yana caka masa sukudireba. Wanda ya nutse gara ta cinye shi daga ciki ko da fuskarsa lafiya, a cire shi, a shafa wa sabon maganin gara, a kuma bi hanyar garar a bango har zuwa inda take fitowa. Kwanon da huda kaɗan ce a jikinsa ana iya like shi, ba dole ne a sauya duka ba. Abu ɗaya nake so ka kula da shi ƙwarai. Gine-ginen zamanin 504 da yawa an rufe su ko an yi musu silin da asbesto, wannan mai launin toka mai kama da siminti. Idan shi ne a garejinku, kada a fasa shi, kada a yanka shi da zarto, kada a share ƙurarsa a bushe, domin zarenta yana maƙalewa a huhu ya haifar da cuta mai tsanani, har da sankara, bayan shekaru masu yawa. A jiƙa shi da ruwa, a sauke shi ɗungurungum, masu aikin su rufe hanci da baki. Haka ma kashin jemage da na ɓera da ya taru shekara 4, a yayyafa masa ruwa kafin a sa tsintsiya.

Tsagar bangon baya ita ce abin da ba na so ka yi gaggawa a kansa. Birkila zai ce maka ya cusa siminti ya shafe, kuma za ta yi kyau a ido, amma idan tushen ginin ne yake motsi, tsagar za ta dawo a wuri guda. Ka ɗauki fensir ka ja layi a inda ta ƙare sama da ƙasa, ka rubuta kwanan wata a gefe, sannan ka shafa ɗan kwaɓaɓɓen siminti mara kauri, kamar faɗin tafin hannu, a kan tsagar a wuri biyu ko uku. Ka bar shi ruwa ya sauka sau da yawa. Idan facin bai tsage ba kuma tsagar ba ta wuce layin ba, tsohon rauni ne, a buɗe ta a cike a shafe. Idan ya tsage, ko kuwa tsagar tana tafiya a karkace tana bin bulo kamar matakala, ko yatsanka yana shiga, to sai an kira injiniya ko tsohon magini ya duba tushe, wataƙila ma a rushe wannan ɓangaren a sake ɗora shi. Ka zaga bayan bangon ka ga inda ruwan rufi yake zuba, domin galibi ruwan da ke kwanciya a gindin bango ne yake jawo wannan, kuma mu da muke ganin yadda ruwa yake yanka kwari a cikin garin Gombe ba sai an gaya mana abin da yake yi wa ƙasarmu ba. A sa indararo, a yi daɓe mai gangara a gindin bangon, a ja ruwan zuwa kwata.

Ramin tsakiya kuwa ka cike shi. Na san za ka ji nauyin haka saboda hannun mahaifinka ne, amma mota aka haƙa wa shi, babur ba ya bukatarsa, kuma haɗarinsa ya fi amfaninsa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya taru a wuri mai zurfi, ta yadda tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da wuta daga ramin da ido yake gani babu komai a ciki. Ga yaro da zai iya faɗawa, ga ruwa da sauro da damina. A cike shi da jar ƙasa kaɗan-kaɗan, a zuba kamar taƙi ɗaya a jiƙa a daddaɓe kafin a ƙara, domin idan aka juye ƙasar gaba ɗaya daɓen zai lotsa daga baya. A maimakonsa ka sa a gina maka dakali mai tsayin gwiwa, tsawon babur da ɗan ƙari, da gangara a gefe guda don tura babur sama. Shekara 6 kana tsugune a kan inji, bayanka ya riga ya san abin da nake nufi, kuma inji da aka kwance a kan dakali ya yi nesa da yashin ƙasa. Daɓen ya kai kaurin inci 4, a kwaɓa awo 1 na siminti da 2 na yashi da 4 na tsakuwa, a karkata shi kaɗan zuwa ƙofa, kada a goge shi ya yi santsi saboda mai, kuma kada ka sa tayil. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7, musamman a zafin nan namu da yake busar da siminti kafin ya kama. Bakin ƙofar ya ɗara titi tsayi don kada ruwan layi ya shigo.

Gareji an gina shi ne don mota ta kwana, ba don mutum ya wuni ba, shi ya sa da wuya ka same shi da taga. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ita ce kuma take kashe iyalan da suka kwana da janareta a cikin gida. A fasa taga biyu a sama masu fuskantar juna, a sa musu ƙarfe, a bar wata ƙaramar kafa ta ƙasa, sannan ka kafa rumfa a gaba ka sa wa kanka doka cewa a rumfa ake tayar da inji, a ciki kuwa kwancewa da ɗaurawa kawai ake yi. Idan akwai ƙofar da ta ɓulla daga garejin zuwa cikin gida, a toshe ta da bulo. Hakan zai tsare hayaƙi da wuta, zai kuma tsare mutuncin Inna da ƙannenka daga idon baƙi.

Maganar wuta ba ta wasa ba ce, tunda bango ɗaya ne tsakaninka da ɗakin da mahaifiyarka take kwana. Al'adar wanke kayan inji da fetur a buɗaɗɗen kwano, wadda a gindin bishiya iska take kwashe tururinta, ba ta da wuri a cikin ɗaki. Ka yi wanki da kalanzir ko dizal, ɗan fetur ɗin da ka zuƙe daga tanki ya zauna a jarka mai murfi, kuma duk yadda riba ta kai kada ka yarda a sayar da fetur a kwalba a ƙofarka. Aikin walda ka kai wa mai walda. Ba shan taba, ba murhun mai shayi a rumfa. Cajin batir ma a inda iska take wucewa ake yinsa, domin yana fitar da iska mai kamawa da wuta. Ka sayi tukunyar kashe gobara mai hoda, mai nauyin kilo 6 ko 9, ka rataye ta a bakin ƙofa, ba a ƙuryar ɗaki ba, ka ajiye bokitin yashi biyu, ka kuma koya wa yaranka cewa ba a watsa wa wutar fetur ruwa, saboda man yana hawa kan ruwan ya bazu. Tsohuwar wayar lantarki da ɓera ya yi shekaru yana gwaguya a cire ta duka, a ja sabuwa a cikin bututu da abin katse wuta nata daban. Ka nemi mitarka a wurin kamfanin rarraba wutar lantarki na Jos, wanda shi ne yake kula da Gombe, ko kuwa a rubuta a cikin yarjejeniyar abin da za ka riƙa biya daga kuɗin wutar gida, don kada ƙaramin abu ya zama abin gunaguni kowane wata. Baƙin mai kuma a tara shi a duro mai murfi, akwai masu saye. Kada a zuba shi a kwata ko a ƙasa, domin yana nutsewa ya isa ruwan rijiya, kuma rijiyar da ta fi kusa ita ce taku. Buhun garin katako daga wurin masu yankan katako ya isa ya tsotse wanda ya zube a daɓe.

Game da naira dubu 900 ɗinka, kuskuren da na fi ji maka tsoro shi ne ka zuba su duka a gini, ka buɗe wuri mai kyau babu abin aiki a ciki. A ganina kada abin da zai shiga ginin ya wuce rabi, kuma ka karɓi ƙiyasin ma'aikata biyu ko uku a rubuce kafin ka ba da aiki, ka sayi kayan da kanka, ka biya kuɗin hannu kashi-kashi gwargwadon yadda aiki ya ci gaba. Idan rabin bai isa ba, fenti da silin da allon suna su jira. Kamar kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi a kayan aiki masu inganci. Sifana mai lamba 8 da 10 da 12 da 14 da 17 da 19 su ne kake ɗauka sau ɗari a wuni, kada ka sayi na banza da zai cinye kan noti ya zubar maka da mutunci a gaban mai babur. Ka ƙara da ma'aunin tazarar bawul da ƙaramar mitar gwada lantarki, domin makaniken da zai ɗora mita ya nuna wa mutum cewa cikakken batir yana ba da kusan bolt 12.6, kuma idan inji yana aiki ya kamata ya haura 13, ya fi wanda yake sauya kaya da ka har a dace. Ka kafa faffaɗan katako a bango, ka buga ƙusa, ka rataye kowane abu ka zana siffarsa da fenti a bayansa, yadda da magariba kallo ɗaya zai nuna maka abin da bai dawo ba. Ragowar kuɗin ka raba biyu, rabi ka sari kayan da suke tafiya kullum na baburan da suka fi yawa a layinku, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue, wato fulogi da man inji da takalmin birki da wayar kuloci da ta totur da boris da ƙwan fitila, daga dilan da maigidanka ya yarda da shi saboda jabu ya yi yawa. Ɗaya rabin ka ɓoye shi, domin watannin farko ba lallai ne su ciyar da kai ba.

Maƙwabta ma suna da haƙƙi. Layin da ya saba da shiru zai wayi gari da ƙarar totur da taron 'yan acaɓa, kuma ƙofar gidan da akwai 'yan mata ba wurin zaman hira ba ce. Ka bi su gida-gida ka gaya musu kafin ka buɗe, ka yi musu alkawarin cewa ba gwada inji bayan isha'i ko lokacin salla, ba jera babura a ƙofar wani, kuma ka cika. Benci ɗaya na masu jira ya isa. Kafin ka kafa rumfa ka je hukumar tsara birane ta jiha, GOSUPDA, ka ji iyakar da aka yarda ka fito, don kada ka kashe kuɗi a zo a sa mata jan fenti. Ka shiga ƙungiyar masu gyaran babura ta yankinku, rajistar sunan sana'a a hukumar yi wa kamfanoni rajista, CAC, kuwa tana iya jira har ka tsaya da ƙafarka.

Akwai wani nauyi da ɗaki mai ƙofa yake ɗora wa makanike wanda gindin bishiya ba ya ɗorawa, shi ne babur zai riƙa kwana a hannunka. Satar babura ba baƙon abu ba ce, kuma ranar da aka biyo sawun na sata aka same shi a kulle a garejinka, kai za a fara tambaya. Duk babur ɗin da zai kwana ka rubuta a littafi sunan mai shi da lambar wayarsa da lambar inji da ta jikin babur da abin da ya kawo shi. Baƙon da ya zo yana so a sauya makulli ko a kankare lamba ko a wargaza babur a sayar da kayansa, ba tare da takarda ba, ka sallame shi da girma da arziki. Ƙofar ta zama ta ƙarfe mai kwaɗo biyu. A cikin littafin nan kuma ka ware shafin bashi, domin yanzu a unguwarku za ka zauna, abokan ƙuruciya da 'yan'uwa za su zo, kuma gara tun ranar farko su san cewa ko ka yafe kuɗin hannu, kuɗin kaya sai an biya.

Kada ka manta da maigidanka. Ka je har gida ka gaya masa kafin ya ji a bakin wani, ka roƙe shi ya zo ya tsaya a cikin garejin ya nuna maka inda dakali zai zauna da inda haske zai fi faɗowa, domin idon da ya yi shekaru a sana'a yana ganin abin da birkila ba zai gani ba, kuma kada ka bi mutanensa kana janye su.

A wannan makon dai abin da nake so ka yi shi ne ka karɓi mabuɗin a hannun Inna, ka roƙi Hamma ku buɗe garejin tare, ku ɗauki hotuna, ku sa wa tsagar alama, sannan ranar Juma'a bayan an sauko ku wuce gidan Baffa. Ka ci gaba da aikinka a gindin dogon yaro har a sa hannu. Idan ruwa ya sauka sau uku ko huɗu, ka rubuto mini abin da facin bangon ya nuna da abin da aka yanke a zaman, sai mu duba maganar tushe da ta daɓe gwargwadon abin da ya rage a hannunka. Ka gaishe mini da Inna.